"Kisan Jin Ƙai": Abin da Kalmar Ke Nufi da Abin da Take Ɓoyewa

A lokacin da goggona take jinyar da ta zama ta ajalinta, a wani gida da ke unguwar Bolari a nan Gombe, na ga yadda kalma guda ta hana majinyaciya runtsawa har kwana uku. Ciwon daji ne ya ci ƙarfinta har ya kai ga ƙashi, kuma likitan da ke duba ta ya rubuta mata mofin na sha, maganin kashe raɗaɗi, wani ruwa a cikin 'yar kwalba da ake aunawa da sirinji a ɗiga mata a baki bayan kowace awa huɗu. Babban ɗanta ya karɓi kwalbar, ya jujjuya ta a hannu, ya zura a aljihun rigarsa, ya ce ba za a ba ta ba. Ƙanwarsa, wadda ita ke kwana da tsohuwar, ta ce, "Hamma, ba ka jin yadda take nishi ne?" Ya ce, "Ina ji. Amma na ji a rediyo cewa da irin wannan magani Turawa ke yi wa tsofaffinsu kisan jin ƙai, ni kuwa ba zan tsaya gaban Allah da jinin Dada a hannuna ba." Tsoron Allah da son mahaifiya ne suka sa shi faɗin haka. Abin da ya ruɗe shi shi ne suna guda da aka laƙaba wa abubuwa daban-daban, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa suna linzami ne.

Kalmar da likitoci da lauyoyi ke amfani da ita a Turance, wato yutaneziya, daga Girkanci ta fito, kuma haɗin kalmomi biyu ce, ɗaya na nufin kyau, ɗaya na nufin mutuwa. A ma'anarta ta farko babu kisa a ciki ko kaɗan. Marubucin tarihin sarakunan Rum, Suetonius, ya ruwaito cewa Sarki Augustus, wanda ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, duk sa'ad da ya ji wani ya cika da sauri ba tare da wahala ba, sai ya yi wa kansa da iyalinsa fatan samun irin wannan, kuma da wannan kalma yake kiran ta. Wannan bai yi nisa da abin da mu ma muke roƙo ba idan muka ce Allah ya kyautata ƙarshenmu. A 1605 masanin Ingila Francis Bacon ya yi amfani da kalmar yana nufin cewa aikin likita bai ƙare ba don ya ga ciwo ya fi ƙarfin magani, ya rage masa ya sassauta wa mai gargara raɗaɗi. Sai a ƙarni na 19, bayan an samu magungunan gusar da hankali irin su kulorofom, ma'anar ta karkata. A 1870 wani Samuel Williams ya gabatar da ra'ayi a birnin Bamingam cewa a yi amfani da irin waɗannan magunguna a ƙarasa wanda ciwonsa ba ya warkewa idan shi da kansa ya nema, a 1935 kuma aka kafa ƙungiya a Ingila don neman doka ta halatta hakan. Daga nan kalmar da ta fara da nufin mutuwa mai sauƙi ta koma nufin mutuwar da wani ya kawo da hannunsa.

Mu ta hanyar fassara abin ya iso mana, daga Turanci a ɗakunan labarai, da kuma daga Larabci inda malaman zamani ke cewa ƙatlur rahma. Shi ya sa za ka ji wani ya ce kisan jin ƙai, wani ya ce kisan tausayi, wani kuma kisan rahama. A nan ne nake son a tsaya a saurari yadda Hausa ke gina irin wannan suna. Muna da kisan gilla, da kisan ganganci, da kisan kuskure, da kisan ƙare dangi, da kisan mummuƙe. A kowannensu kalma ta biyu tana bayyana yadda aka yi kisan ko abin da aka nufa da shi, kuma in ban da kuskure babu wadda ke nema wa mai kisan sassauci. Kisan jin ƙai ne kaɗai sunan da ya zo da lauyansa a goye, domin tun kafin a tambayi wane ne ya mutu, wa ya yanke shawara, me aka ba shi, sunan ya riga ya shaidi zuciyar wanda ya aikata.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Jin ƙai a bakin Bahaushe, musamman a kusa da mutuwa, kalma ce da ake ɗagawa sama. Da ita muke fassara sunan Ubangiji a farkon kusan kowace sura, Mai rahama, Mai jin ƙai, kuma ita ce ke cikin addu'ar da ba a zaman makoki sai da ita, wato Allah ya jiƙansa. Mai rai ana yi masa fatan sauƙi, mamaci ana roƙa masa jin ƙai, kuma a duka biyun wajen Allah ake nema. Idan aka ɗauko wannan kalma aka jingina ta da kisa, an sauko da ita daga inda take an damƙa ta a hannun ɗan Adam, shi ya sa kunnen mai jin Hausa ke ƙin ta tun kafin hankalinsa ya gama tantance dalili. Ayar da malamai suka fi kafa hujja da ita a wannan babi, ta 29 a Suratun Nisa'i, ta haɗa kalmomin nan biyu ne ta fuskar da ta saɓa wa wannan suna, domin ta hana mutane kashe kawunansu, sannan ta rufe da cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare su. A cikin ayar, hanin shi ne jin ƙan.

Wani ƙaramin ruɗani kuma daga harshen namu yake. "Kisan kai" a Hausa na nufin mutum ya kashe wani, wanda ya hallaka ransa kuwa sai a ce ya kashe kansa, amma masu fassara kan cakuɗa su, alhali a wannan batu bambancin yana da aiki, domin dokokin ƙasashe da dama a kan wannan gaɓa suka rabu.

Abu na farko da sunan kisan jin ƙai ke nufi, kuma shi ne ainihinsa, shi ne likita ya yi wa majinyaci allura da niyyar tsayar da ransa saboda majinyacin ya roƙa. Ƙasar Holan ce ta fara tsara wannan a cikakkiyar doka, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2002, Beljiyam ta biyo baya a shekarar, sai Lukzambog a 2009, Kanada a 2016, Sifaniya a 2021. Kusa da shi akwai yanayin da likita zai rubuta maganin amma majinyacin ne zai sha da hannunsa, kamar yadda ake yi a Suwizalan da kuma jihar Oregon ta Amurka tun 1997. Waɗannan biyun, ko da wane suna aka kira su, niyyarsu ɗaya ce, mutuwa ake nema, kuma da majinyacin zai sha maganin bai mutu ba, da an ce aikin bai yi ba. Wannan ita ce ma'aunin da na fi amincewa da ita: a tambayi mai aikin, idan majinyacin ya wayi gari da rai, murna zai yi ko kuwa zai ce an samu matsala?

Da wannan ma'auni, sauran abubuwan da ake cusawa ƙarƙashin sunan sai su zame su fita. Likitan da ya ba goggona mofin, da ta kwana lafiya ta tashi ta sha kunu, shi ne zai fi kowa murna. Mofin idan an auna shi gwargwadon ciwo, ana ƙara shi a hankali, aikinsa kashe raɗaɗi ne, kuma masu kula da marasa lafiyar da ke ƙarshen rayuwa sun daɗe suna ba da shi makonni da watanni. Ko a ƙasashen da suka halatta ƙarasa majinyaci, galibi wasu magunguna ne dabam ake amfani da su. Haka nan cire na'urar numfashi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu, ko majinyaci mai hankali ya ce ya gaji da wani magani mai wahala wanda ba zai warkar da shi ba. A nan ciwon ne ke cin ransa, abin da aka yi kawai shi ne an daina riƙe ƙofar da ba ta riƙuwa. Turawa da kansu sun taimaka wajen dagula lamarin da suka kira wannan nau'i na biyu na yutaneziya, kuma da wannan suna Kotun Ƙolin Indiya ta tattauna shi a 2011 a shari'ar Aruna Shanbaug, ma'aikaciyar jinyar da aka kai wa hari a Mumbai a 1973, ta kwanta ba ta cikin hayyacinta har ta rasu a 2015. Ni a ganina kuskure ne mu kwaso wannan rabe-raben zuwa Hausa, domin da zarar an sa kalmar kisa a kan janye na'ura, an ɗora wa iyalai laifin da ba su yi ba.

Malaman Musulunci sun raba waɗannan abubuwa tun da daɗewa, sai dai bayanin bai cika sauka daga littafi zuwa bakin gadon asibiti ba. Game da ƙarasa rai babu saɓani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jundub labarin mutumin da ya ji rauni, ya kasa jurewa, ya yanke hannunsa da wuƙa, jini ya zuba har ya mutu, Allah ya ce bawansa ya yi masa gaggawa da ransa, ya haramta masa Aljanna. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko da mutum ya ce wa wani idan ka kashe ni na yafe maka, wannan yafewar ba ta ɗauke ƙisasi a mashahurin zance, kuma wanda ya kashe wanda zai gada da gangan ba ya cin gadonsa. Wannan hukunci na gado ya nuna cewa magabata sun san tausayi da kwaɗayi suna iya kwana a zuciya ɗaya. Amma waɗannan malaman dai su ne suka ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa wanda cuta ta matsa wa abin da zai ce: Allah ya raya shi matuƙar rayuwa ce ta fi masa alheri, ya karɓi ransa idan mutuwa ce ta fi masa alheri. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986 ta yarda a cire na'urorin farfaɗowa idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Rabiɗatul Alamil Islami, a Makka ita ma ta halatta cirewar a 1987, sai dai ta ce ba za a hukunta mutum da mutuwa ba sai zuciya da numfashi sun tsaya.

'Yan'uwanmu Kiristoci na Kaltungo da Billiri da Tafawa Ɓalewa suna da nasu hanin a cikin dokoki goma, kada ka yi kisan kai. Cocin Katolika kuwa ya yi irin wannan rarrabewa dalla-dalla, domin tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya amsa wa likitoci cewa ya halatta a ba mai gargara maganin kashe raɗaɗi matuƙar ba mutuwarsa ake nufi ba, sanarwar Fadar Batikan ta 1980 kuma ta haramta ƙarasa majinyaci tare da yarda a bar maganin da wahalarsa ta fi amfaninsa.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya ɗauke hukuncin kisa daga wanda ya kashe baligi da yardarsa, amma bai wanke shi ba, laifin kisan kai na nan a wuyansa tare da ɗauri, kuma taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne mai zaman kansa. Ƙa'idojin aikin likita a Nijeriya su ma sun hana. A ɗaya ɓangaren, Kotun Ƙoli a 2001 ta wanke Dakta John Okonkwo, wanda kotun ladabtar da likitoci ta hukunta saboda ya mutunta ƙin amincewar wata majinyaciya 'yar Shaidun Jehobah da ƙarin jini har ta rasu. Kotun ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Ke nan a dokarmu ƙin magani haƙƙi ne, ƙarasa rai kuwa laifi ne, kuma suna guda ba zai ɗauki haƙƙi da laifi a lokaci ɗaya ba.

Wanda ke ganin na tsananta a kan kalma kawai, ya dubi abin da ya faru a Jamus. A watan Oktoban 1939 Hitila ya sa hannu a wata gajeriyar takarda, aka mayar da kwanan watanta zuwa 1 ga Satumba, wadda ta ba wasu likitoci izinin yi wa marasa lafiyar da aka ce ba sa warkewa abin da takardar ta kira mutuwar jin ƙai. Daga nan zuwa Agustan 1941 an hallaka naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000, yawancinsu da iskar guba, ana aika wa iyalansu wasiƙun ta'aziyya da dalilan mutuwa na ƙarya. Babu wanda ya roƙa a cikinsu. Har yau Jamusawa suna ƙyamar tsohuwar kalmar yutaneziya, sun gwammace su ce taimako wajen mutuwa. Ba ina daidaita likitan Holan na yau da waɗancan ba ne, domin a can akwai sharuɗɗa, da roƙon majinyaci, da likita na biyu, da kwamitin da ke bin diddigi. Abin da nake nunawa shi ne yadda suna mai daɗi ke sa abu ya wuce ba a bincike shi ba. Kuma ko inda aka yi dokar da tsari, iyakarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba: Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, Kanada ta cire sharaɗin kusantowar mutuwa a 2021, a Holan kuma waɗanda suka mutu ta wannan hanya a 2023 sun haura 9,000, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na mamatan shekarar.

Masu goyon bayan abin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, domin duk wanda ya taɓa kwana da mai ciwon daji a ƙashi ya san akwai raɗaɗin da ke sa dattijo mai kunya ya yi kuka kamar yaro. Sukan kuma ce ai dabba ma idan ta karye ba a barin ta tana wahala. To, makiyayin Dukku ko Nafaɗa da ya ga saniyarsa ta faɗi ba ta tashi, yakan kira a yanka ta kafin ta yi mushe, amma saniya dukiyarsa ce, an halatta masa yankan ta ko tana da lafiya. Ɗan Adam ba mallakin kowa ba ne, har da shi kansa, shi ya sa muke cewa rai ya yi halinsa, ko kwana ya ƙare, ko an karɓi abin da aka ba da aro.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce yarda, wato mutum ne ya zaɓa. A nan ne nake ganin maganar ba ta dace da ƙasarmu ba ko da an ajiye addini gefe. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako yana kwance yana jin an sayar da gona, an sayar da shanu, an cire yaro daga makaranta. A al'adar da ta ginu kan kara da kunya, irin wannan mutum zai ce a bar shi tun kafin a tambaye shi, kuma abin da ke magana a bakinsa nauyin da yake jin ya ɗora wa mutane ne. Mun san yadda abin ke ƙarewa. Wani daga cikin dangi zai je ya ce, "Likita, a sallame mu, za mu koma gida mu gwada na Hausa." Kowa a wurin ya san kuɗi ne suka ƙare. A sa hannu a takarda, a naɗe tabarma, a ɗauki fulas da bokiti, a nemi mota. Wannan mutuwa ba ta da suna a Hausa ko a Turanci, ba a muhawara a kanta a rediyo, kuma ita ce ta fi yawa a Bauchi da Gombe nesa ba kusa ba. Dangin ba su kashe kowa ba, amma majinyacin ma bai zaɓi komai ba.

Abin da ya kamata ya cike wannan giɓi shi ne kulawar sassauci, wato reshen aikin likita da ke kula da wanda ciwonsa ba ya warkewa, a kashe masa raɗaɗi, a gyara masa kwanciya, a saurare shi, a tallafi masu jinyarsa. Cicely Saunders ce ta kafa gidan farko na zamani na irin wannan kulawa a Landan a 1967, Dakta Anne Merriman kuma ta kai tsarin Yuganda a 1993 tare da mofin na sha mai araha, kuma a 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su sa shi cikin tsarin lafiyarsu. Da yawa daga masu roƙon mutuwa, abin da suke roƙo a zahiri shi ne ciwon ya tsaya. Saboda haka shawarata ga masu fassara da masu wa'azi da ma'aikatan asibiti ita ce a kira kowane abu da aikinsa. Idan allura ce da nufin ɗauke rai, a ce kashe majinyaci bisa roƙonsa, ba tare da an ƙawata shi da jin ƙai ba. Idan na'ura ce, a ce janye na'ura. Idan mofin ne, a ce maganin raɗaɗi.

A gidan goggona, limamin unguwa ne ya warware kullin a dare na uku. Ya zauna a zaure da babban ɗan, ya ce a kawo kwalbar, ya tambayi ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsu me maganin ke yi da kuma nawa ake bayarwa. Da ta gama bayani ya juya ya ce, "Alhaji, da ka ba ta, me kake so ya faru?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, so nake ta samu barci." Malam ya ce, "To, ba ta." Da hannunsa ya ɗiga mata, yana bisimilla. Ta yi barci har bayan hantsi, da ta farka ta nemi a yi mata taimama ta rama sallolin da ciwo ya hana ta, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi bashin da ake bin ta na kuɗin gyaɗa. Ta ƙara kwana goma sha tara a duniya, ta cika ranar wata Alhamis bayan la'asar, 'yarta na laƙƙana mata kalmar shahada.